Ba kowane ƙaiƙayi ba ne laifin maganin feshi

Jama'a abin nan yana damuna, da zarar mutum ya sha kayan marmari jikinsa ya feso da ƙuraje sai ka ji an ce ai maganin feshi ne, ko an nunar da shi da sinadari. To eh akwai wannan, shi ya sa ake wankewa, amma sau da yawa wallahi ɗan itacen ne da kansa, ko da hannunka ka tsinko shi daga bishiya.

Mangwaro dai shi ne babban misali. Ɓawonsa da wannan ruwan mai danƙo da ke fita ta inda aka tsinke shi suna ɗauke da wani sinadari dangin urushiyol, wanda fatar wasu ba ta shiri da shi sam. Kuma abin da ke rikita mutane shi ne ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana 1 ko 2 ka ga leɓe ya kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun zagaye baki har haɓa, lokacin mutum ya ma manta ya sha mangwaro, sai ya kama zargin sabulu ko man shafawa. Da yawansu in wani ya fere musu ya yanka ƙanana yadda ba zai gogi leɓe ba lafiya lau suke sha. Yazawa ma danginsu ɗaya da mangwaro.

Abarba kuma nata daban ne, akwai bromelen a cikinta mai narkar da furotin, shi ne kake jin harshe na raɗaɗi kamar an kankare shi. Wannan ba alaji ba ne, kowa in ya sha da yawa zai ji. Lemun tsami kuwa in ruwansa ya zuba a hannu ka shiga rana ba ka wanke ba, fatar na iya ƙonewa har ta ɗuri ruwa, ta bar baƙin tabo na makonni.

Alaji na gaske shi ne wanda garkuwar jiki ta ɗauki furotin ɗin ɗan itacen a matsayin abokin gaba ta saki wani sinadari da ake kira histamin, sai borin jini ya tashi cikin mintuna, yawanci ba ya wuce awa 2, kuma ko'ina yake fitowa, baya, ciki, cinya, ba sai inda abin ya taɓa ba. Masu jin ƙaiƙayi in sun sa safar hannu ta roba su kula da ayaba da fiya da kiwi, furotin ɗinsu na kama da na robar. Wasu kuma masu atishawa lokacin da bishiyoyi ke fure ɗanyen tuffa ke sa musu ƙaiƙayin baki, in an dafa shi shiru kake ji.

Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a hana yaro kayan marmari gaba ɗaya don bakinsa ya yi ja sau ɗaya bayan ya sha lemu, tsamin ne kawai ya ci masa fata. A lura dai, me ya sha, bayan wane lokaci abin ya fito, a ina ya fito, a ɗauki hoto a waya a nuna wa likita.

Amma fa in harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na sarƙewa ko jiri ya ɗebi mutum, babu zancen a bari a gani zuwa safe. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta tsayar da wannan, allurar adirenalin ake yi, a garzaya asibiti a lokacin.