Hular da mai gadi bai gane ba

A watan jiya aka yi walimar kammala karatu a wani zauren biki nan Yamai. An liƙa takarda a bakin ƙofa: ba a shiga da hana-salla, ba a shiga da hular sanyi, ba a rufe fuska. Ɗan ƙanwata, mai shekara 17, da aka kawo daga Tawa jinyar ciwon daji, ya je taya abokinsa murna, hular sanyi a ka, takunkumi a hanci. Mai gadi ya tare shi: "Samari, a cire hular nan." Ya ce, "Baba, ba ni da lafiya ne." Mai gadi ya ce dokar gida ce, shi ma umarni aka ba shi. Yaron ya tare taksi ya komo gida.

Ban ga laifin mai gadin ba. An ba shi doka, ba a ba shi ikon yin sassauci ba, in ya kuskure kuma abincinsa ne zai tafi. Laifin na wanda ya rubuta takardar ne, domin masu lafiya kaɗai ya hango.

Maganin da ake ɗura wa mai ciwon daji ta jijiya, wanda majinyata ke kira shimiyo, yana kai hari ga duk ƙwayar halittar jiki mai saurin hayayyafa, saiwar gashi kuwa na cikinsu. Cikin mako biyu zuwa uku gashi ke fara zuba, wani har gira. Yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, ta yadda murar da wani zai yi kwana biyu ya warke za ta iya kwantar da majinyaci asibiti. Hular da takunkumin ke nan, ba gayu ba ne, ba raini ba ne.

Abin lura, ƴan mata sun fi samun mafaka a wurinmu. Kallabi da hijabi suturar kowa ce, babu mai cewa a cire. Tasu wahalar sai ranar kitso da lalle, lokacin da ƙawayen amarya ke zaune kai buɗe, ita kuma tana neman hujjar fita. Saurayi kuwa ba shi da maɓoya. Wani zai ce ai sai ya sa hular gargajiya. To, wanda fatar kansa ta yi laushi ya san yadda zaren ɗinkin hula ke ci.

Masu zauruka da otel-otel suna da hujja, ban musa ba. Da halin tsaron da ƙasa ke ciki, dole a ga fuskar mai shiga, akwai kuma ƴan tayar da zaune tsaye da ake son tarewa. Amma ganin fuska na buƙatar daƙiƙa biyar ne a gefe, ba tuɓe hula gaban layin mutane masu waya a hannu ba. Layi ɗaya a ƙasan takardar ya isa: mai uzurin lafiya ya yi wa mai gadi magana a asirce. Ba sai an nemi takardar likita ba. Wa zai yi wa kansa fatan ciwon daji don ya shiga biki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na warkewa, a yawancin ƙasashe irin tamu ba su kai kashi 30 ba, kuma yanke jinya a tsakiya na cikin dalilan. Tun 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar ƙona ƙwayoyin ciwon da haske, don haka matasan da ke jinya a gida, suna yawo cikinmu, za su ƙaru. Har yau akwai masu zaton ciwon ana ɗauka, ko jifa ne, alhali ba a ɗaukarsa ta gaisuwa ko cin abinci a kwano ɗaya. Yaron da aka kora daga ƙofa sau ɗaya, da wuya ka sake fitar da shi daga ɗaki, wani lokaci har ranar komawa asibiti sai da lallashi.

Da na ce zan je in ga mai zauren, ɗan ƙanwata cewa ya yi, "Kawu, ka bari, kada a ƙara sanina." Akwai ɗaurin auren yayansa bayan Sallah, ya riga ya ce a sayar da ankonsa.