Shekara 210 bayan bam, kuma ba wanda ya share ɗakinsa?

Masu ƙirƙirar wasannin bidiyo na bayan rugujewar duniya suna da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: sun fi ƙaunar kango fiye da mutanen da suka ce suna zaune a cikinsa. Za su ƙare ƙarfinsu wajen zana tsatsa a jikin mota, da fasasshiyar taga, da allon talla da ya karkace, amma ka tambaye su ina mutanen garin nan suke ɗebo ruwa, sai ka ji tsit.

Ku duba Fallout 4, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2015. A labarin, bama-baman nukiliya sun sauka ranar 23 ga Oktoba 2077, shi kuma wasan yana gudana a 2287 a yankin Boston na Amurka. Shekara 210 ke nan cur. Amma ka shiga wurin da mutane ke kwana suna tashi, ga shara jibge a tsakar ɗaki, ga rufi a huje, wani wurin ma har da ƙwarangwal ɗin mutum a zaune kan kujera, mai shago tana ciniki a gefensa. Haba jama'a! Kakan kakanka ya ga gawar nan, kai ma ka taso ka tarar da ita, duk cikinku ba wanda ya ɗauki shebur ya haƙa mata rami? Babu al'ummar da ke haka, ko wane addini take bi. Suturta mamaci na cikin abin da waɗanda suka tsira ke fara yi, tun kafin su waiwayi rufin ɗaki.

Su kansu gidajen ma bai kamata a same su tsaye ba. Garin Pripyat na Yukiren, da aka kwashe mutanensa kusan 49,000 bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Afrilun 1986, yau bishiyoyi sun cinye filin ƙwallonsa, wasu gine-ginen sun fara ruftawa, kyarketai na yawo a dajin da ke kewaye. Gari ne na siminti da ƙarfe, kuma shekarun ba su kai ko kwatan na Fallout ba. To ina ga gidan katako da ya sha damina 210? A ɗaya ɓangaren kuma ga Hiroshima: an jefa mata bam ranar 6 ga Agusta 1945, kwana uku bayan haka taragon lantarki ya koma ɗaukar fasinja a wani sashe na birnin. Wurin da aka watsar, daji ne ke cinye shi. Wurin da mutane suka zauna, gyarawa suke yi, da sauri kuwa. Abin da ba ya faruwa shi ne wanda wasannin nan suka fi nuna mana, wato duniya ta daskare a ranar bala'i tana jiran ɗan wasa ya zo ya ɗauki hoto.

Abin haushin, su masu Fallout na farko sun san wannan. A wasan 1997 na kamfanin Interplay, matsalar da aka fito da kai daga maɓoyar ƙarƙashin ƙasa dominta ita ce ruwa: na'urar tace ruwan maɓoyar, mai suna Vault 13, ta lalace, an ba ka kwana 150 ka nemo wata. Ƙauyen Shady Sands da za ka fara riska gidajen ƙasa ne sababbi, da rijiya, da gona, da garken shanu masu kai biyu. Ba a cikin tsohon kanti suke rakuɓe ba, gini suka yi. A Fallout 2, bayan shekara 80 a labarin, ƙauyen nan ya zama babban birnin wata jamhuriya, da dokoki da 'yan sanda. Ko marfin kwalbar lemo da ake kashewa a matsayin kuɗi yana da tushe: fataken ruwa na garin Hub ne suka tsaya masa, shi ya sa kowa ya yarda da shi. Za ka iya biyansu su kai wa mutanenka ruwa a ƙara maka kwana 100, amma ayarin da ya san hanyar gidanku ya tona asirin inda kuke. Wannan shi ne ginin duniya. Abu ɗaya, ruwa, ya haifi kuɗi, ya haifi masu ƙarfi, ya haifi zaɓin da zai hana ka barci.

Don haka duk wanda ya zauna gaban Unity ko Godot, manhajojin haɗa wasannin bidiyo, da niyyar ƙera irin wannan duniya, shawarata ita ce ya ajiye zanen bindiga tukuna. Ya fara yanke wane irin bala'i ne, ya bi sawunsa har cikin tukunya. Ba duka masifu ne iri ɗaya ba. Da dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a Afrilun 1815, hayaƙin da ya watsa sama ya rage zafin rana, har a 1816 ƙanƙara ta sauka a watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace a Turai, abinci ya yi tsada. A duniyar da rana ta dusashe, gine-gine na nan lafiya lau, titi na nan, amma mai rumbu da mai irin shuka su ne sarakuna. A duniyar da annoba ta share mutane, kaya sun yi yawa, hannun da zai yi aiki ne babu, sai ungozoma da maƙeri su fi soja daraja. In teku ce ta hau, rigimar ta tudu ce. Kowanne da irin kasuwarsa, da irin ɓarayinsa, da irin ƙaryar da shugabanni za su yi.

Kuma ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda mutane ke yi idan ƙasa ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsu. Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, zuwa shekarun 1980 ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa. Mutane ba su zauna suna kallon kwalekwalen da ya kafe a tabo ba. Wasu sun bi ruwan, wasu masunta sun koma noman masara da wake a ƙasar da ta fito, makiyaya suka shigo da dabbobi, sababbin ƙauyuka suka tashi. Daga nan tambayar ta zama ƙasar wa ce, har batun Darak, wani ƙauye a yankin tafkin, ya shiga shari'ar Najeriya da Kamaru da Kotun Duniya ta yanke a 2002. Marubucin wasa da ya karanta wannan tarihin zai samu labarin da ya fi na mahaukatan 'yan fashi masu sanye da tayar mota a kafaɗa.

Wasannin da suka burge ni su ne waɗanda suka sa ƙarancin ya taɓa yatsun mai riƙe da pad, wato abin sarrafa wasa. A Metro 2033, inda mutanen Mosko ke zaune a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa suna noman naman kaza, harsashin soja na kafin yaƙi shi ne kuɗi. Ya fi wanda ake ƙerawa a gida ƙarfi, amma duk wanda ka harba, kuɗin cefanenka ka harba. In ka fito doron ƙasa kuwa, idonka na kan agogon hannu, domin matatar takunkumin fuskarka na ƙarewa. Frostpunk na 'yan Polan, 2018, ya fi rashin imani: gari ɗaya kewaye da injin ɗumama mai cin kwal, sanyi na ƙaruwa, kai ke sa hannu kan doka. Za ka tura yara aiki? Za ka yarda a gauraya abinci da garin katako don ya ƙosar? Har abin da za a yi da gawa sai ka zartar masa da doka, maƙabarta ko ramin ƙanƙara, kuma jama'a na lura da wanda ka zaɓa.

Na san abin da wasu za su ce: ai gem ne, nishaɗi ake nema, ƙwarangwal biyu rungume da juna a kan gado labari ne da aka bayar ba tare da magana ba. Gaskiya ne, a gidan da ba wanda ya shiga tun ranar yana aiki sosai. A wurin da ake dafa abinci kullum ne ya zama ragwanta.

Inda suka fi gazawa gaba ɗaya shi ne ibada. Kusan kullum addinin bayan bala'i ƙungiyar zararru ce, kamar masu bauta wa bam ɗin da bai fashe ba a garin Megaton na Fallout 3. Alhali abin da muka sani shi ne, idan wuya ta yi wuya mutane ƙara riƙe abin da suka gada suke yi. Za a samu mai kiran salla ko da lasifika ta mutu, da mai lissafin watan azumi, da malamin da ake zuwa wa rabon gado, da gardama kan ko ruwan da tururin nukiliya ya gurɓata ya halatta a yi alwala da shi. Horizon Zero Dawn na kamfanin Guerrilla ya ɗan yi ƙoƙari, domin imanin ƙabilar Nora ya tsiro ne daga wata ƙofar ƙarfe mai magana a cikin dutse, kuma yana da dattawa mata da ke hukunci, da dokar korar mai laifi daga cikin jama'a. Amma har yanzu ina jiran wasan da ayarin ɗan wasa zai tsaya a hanya saboda wani ya rasu, a rasa likkafani, a zauna shawarar ko za a taɓa ruwan sha da ya rage don yi masa wanka ko taimama za a yi masa.