Kyamarar 4K ɗin da ta mayar da autarmu aljana

Ni dai tsakani da Allah ba wanda ya aike ni. Ana saura sati biyu bikin autarmu muna zaune a falon Inna ana lissafi, aka zo kan mai ɗaukar bidiyo, aka ce yaron da ya yi na 'yar Kawu ya ce dubu 150, kamu da ɗaurin aure da dina. Kafin kowa ya buɗe baki na yi caraf na ce haba, dubu 150 a kan danna maɓalli? Ku bar min wannan. Inna ta dube ni ta saman tabarau ta ce, kai da ko a waya ka ɗauki mutum sai ka guntule masa kai? Na ce Inna waccan waya ce, wannan karon kayan aiki zan sayo.

Washegari na tari keke daga Bauchi Road sai Terminus, wajen kasuwa a nan Jos. Kun san tun da babbar kasuwa ta ƙone a 2002 kasuwar ta watsu kan titi, in ka bi Ahmadu Bello Way ba abin da ba za a tallata maka ba. Na shiga wani shago na ce ina son kyamarar bidiyo mai kyau amma ta talaka. Mutumin ya fara ciro min wata Sony Handycam ta hannu, duk ta goge, ya faɗi kuɗi na ce mayar. Sai ya yi murmushi ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta ya ce, Alhaji, ga taka.

Wallahi kwalin nan shi ya ci ni. An rubuta 4K da ruwan gwal, ga 48MP, ga zum 16X, ga ganin dare, ga rimot, ga batir biyu, har da 'yar jaka. Sunan kamfanin kuwa ban taɓa jin sa ba, haruffa ne kawai aka jera kamar lambar mota. Na ɗaga ta na ji ba nauyi ko kaɗan, kamar gwangwanin madara da aka shanye, na ce oga ya ba ta da nauyi haka? Ya ce ai fasahar zamani kenan. Na zura hannu cikin maɗaurin, na buɗe ɗan allon gefe na juya shi, sai na ga kaina a madubin shagon, na ce a raina yau ga darakta. Muka daidaita a dubu 48, ya ɗora min katin mimori mai 128GB a dubu 4, wai don ya ga ni mutumin kirki ne.

Gwajin da na yi a gida shi ne na ɗauki ɗana yana cin taliya a tsakar gida da rana tsaka, na kalla a ɗan allon nan da bai fi faɗin akwatin ashana biyu ba, na ga ras. Uwargida ta ce ka sa a talabijin mu gani mana, na ce ke ba ki san 4K ba ne, talabijin ɗinmu ba za ta iya ɗauka ba.

Ranar kamu na sha babbar riga na rataya jaka. Abin da ban zata ba, girman da kyamarar ta jawo min. Mata na darewa suna ba ni hanya, yara na bi na suna mai bidiyo mai bidiyo, Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi sau uku kafin ta bari na haska ta, wata tsohuwa ma ta riƙe min riga ta yi jawabi na minti goma tana gaida 'yan uwanta na Bukuru. Batir na farko ya mutu bayan minti 35. Na biyun ya yi ƙoƙari, ya kai 40. Daga nan na koma neman soket a gidan biki, na tsuguna bayan firij ina caji ana can ana fesa wa amarya turare.

Ranar ɗaurin aure an cika maƙil, ban samu shiga ba, na tsaya can waje na ce ai ga amfanin zum. Na danna har ƙarshe. Da daddare wajen dina aka ɗauke wuta kafin a tada janareta, kowa na kunna fitilar waya, ni kuwa ko a jikina, na ce ku kwantar da hankalinku, tawa tana gani a duhu.

Bayan an kai amarya da kwana uku Inna ta tara mutane a falo, har da surukai biyu da suka zo ban gajiya, aka ce a sa bidiyo. Na jona waya a talabijin ina ta hura hanci.

Abin da ya fara fitowa ƙafafuna ne. Takalmina, siminti, takalmina, bakin kwata, takalmina. Ashe ranar kamu duk lokacin da na danna jan maɓallin nan don in fara, kashewa nake, in na danna don in kashe, a lokacin take farawa. Wannan kam laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma makirfon ɗin da ya kasa kama waƙar da ake yi da lasifika, sai iska kawai fuuu fuuu, shi ne ya kama muryata tar ina ce wa abokina, kai dangin angon nan sun iya ci, kula uku suka share ko ƙashi ba su bari ba. Surukan nan biyu suna zaune. Ɗayan ya yi gyaran murya ya ce, ai shinkafar ce ta yi daɗi. Inna ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi min, na ji dama ƙasa ta tsage.

Na yi sauri na tsallaka zuwa ɗaurin aure. Zum ɗin nan ya mayar da liman wasu murabba'ai masu motsi, fari a sama, ruwan ƙasa a tsakiya, kuma hoton na ta rawa kamar a bayan tifa aka ɗauka a hanyar Farin Gada. Kawu ya matso kusa da talabijin ya ce, wannan ni ne ko ginshiƙin masallaci? Sai na dina, inda na kunna ganin dare. Amarya ta fito ba kala, leshin da aka kashe wa kuɗi ya zama toka-toka, idanunta biyu na ƙyalli kamar na mage a bayan ɗaki. Gwaggo ta ce a'uzubillahi, ta ja jikanta jikinta. Sauran fayilolin, yankan kek da liƙi da komai, sun ƙi buɗuwa sam.

Akwai abokina da ya yi makarantar koyon fim ta ƙasa da ke nan Jos, na kwashi komai na kai masa. Ya sa a laftof ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zaunar da ni. Ya ce 4K na gaskiya ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8 kenan a kowane hoto. Taka kuwa ɗan idon da ke ciki ƙarami ne, abin da yake kamawa bai wuce na tsohuwar waya ba, sai injin ya buɗa shi ya cike gurbin da ƙirƙira. Ya ce kamar ka sayi nono ludayi ɗaya ka zuba ruwa har ya cika ƙwarya, ƙwarya dai ta cika. Zum kuma iri biyu ne, akwai na gilashi wanda ruwan tabarau ke motsi da gaske ya jawo abu kusa, irin na waccan tsohuwar Sony da na raina, akwai kuma na dijital wanda yanko tsakiyar hoto kawai yake ya hura shi, shi ne ya mayar da Kawu ginshiƙi. Ya duba ya ce kuma hoto 15 take ɗauka a daƙiƙa, alhali fim 24 ne, talabijin ɗinmu 25, shi ya sa masu rawa suke tsalle-tsalle kamar ana tsikarinsu. Idon mage kuwa fitilar infrared ce, wadda idonmu ba ya gani, ita ke haska mutum ta dawo daga ƙwayar ido, kuma ba ta san kala ba.

Na ce to katin fa? Ya gwada shi da wata manhaja ya ce 8GB ne aka yi masa rubutun 128, duk abin da ya wuce takwas ɗin ya tafi inda ba a dawowa. Sai ya ɗauki Tecno ɗina da ke kan tebur ya juya ta ya ce, da wannan ka yi aikin da yanzu kana da mutunci a gidanku.

Na koma Terminus a fusace. Mutumin ya saurare ni tsaf ya ce Alhaji batir ai sanyin Jos ne, ba ya son hunturu. Na ce a watan Afrilu? Ya nuna min rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya, ya ce amma in ina so akwai wata sabuwa da ta shigo, 5K ce. Wallahi sai da na tsaya na kalli kwalin.

Bidiyon bikin dai a ƙarshe daga wayoyin ƙawayen amarya aka harhaɗa shi ta WhatsApp, na biya abokina dubu 20 ya jona. Amarya ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata.

Kyamarar tana nan ban yar ba. Satin da ya wuce aka yi suna a Unguwar Rogo, na rataya jakata na tafi. Na riƙe ta a hannun dama, allon a buɗe, ko batir babu a ciki, mutane na darewa suna ba ni hanya har gaban mai jego, Tecno kuma tana hannun hagu tana ɗauka. An ma ba ni nama ƙulli biyu, wai ɗaya na mai bidiyo ne.