Dokar toshe baki ba a hannunka za ta tsaya ba

Ina tare da Farfesa Geoffrey Stone na Jami'ar Shikago a kan muhawara a jami'a. Shi ya jagoranci kwamitin da ya rubuta matsayar jami'ar a 2015, cewa ba aikin jami'a ba ne ta kare ɗalibi daga ra'ayin da ba ya so ya ji, ko da ra'ayin ya yi masa ɗaci.

Masu sukarsa kan ce wannan dama ce ga masu ƙarfi su taka marasa ƙarfi. Ina jin ciwon da ke cikin maganar, amma tarihin fafutikar baƙaƙen fata a Amurka bai goyi bayanta ba. A 1960 kwalejin jihar Alabama ta kori ɗalibanta da suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa farare, ba tare da an saurare su ba, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 1961 ba a korar ɗalibi sai an sanar da shi laifinsa an kuma ji ta bakinsa. A wannan shekarar ta 1961 aka kama ɗalibai 187 a Karolina ta Kudu saboda tattaki cikin lumana zuwa majalisar jiha, da sunan tayar da zaune tsaye. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1963. Waɗanda hukuma ke gani a matsayin masu fitina a lokacin su ne masu gaskiya. Dokar da ka roƙa a kafa don abokin gaba, hukumar makaranta ce za ta riƙe ta, kuma kujera tana sauya mai zama.

Ba wai komai ya halatta ba. Matsayar Shikago ta ware barazana ta gaskiya, da cin zarafi, da ɓata sunan wani mutum da ƙarya. Kuma jami'a na iya tsara lokaci da wuri da yadda za a yi taro.

A nan ake yin ɓarnar. Ƙa'idar ba da zaure a rubuta ta tun kafin a san wanda za a gayyato ya yi jawabi, domin in an rubuta bayan an ji suna, kowa ya san don wa aka yi. Kada a ƙara wa masu gayyata kuɗin tsaro saboda ana tsammanin rikici. Yin haka ya miƙa wa masu barazana ikon soke taro, kuma Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan kuɗin izinin gangami a 1992. Masu adawa a ba su fili inda za a gan su a ji su, su ɗaga kwalaye, su fice in sun ga dama. Wanda ya hana a ji mai magana, a gargaɗe shi sau ɗaya a fili, in ya ci gaba a fitar da shi. A Kwalejin Middlebury ta Amurka a 2017 ihu ya hana Charles Murray, marubucin da ra'ayinsa ke jawo cece-kuce, magana, daga baya aka ji wa farfesar da aka ɗora wa yi masa tambayoyi rauni, alhali ba ta yarda da ra'ayinsa ba.

Abin da aka fi sakaci da shi kuwa lokacin tambaya ne. In taron awa ɗaya ne, a bar wa zaure rabin awa, a fara miƙa makirufo ga masu adawa, kuma a bar mai tambaya ya sake bibiya in baƙo ya kauce wa amsa.