Sa'o'in farko na ɓatan budurwar motar BRT a Legas

Na karanta rahotonku kan hukuncin kisa da Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke wa direban motar BRT (manyan motocin bas na jigilar jama'a a Legas) a watan Mayun 2025 bisa kashe wata budurwa fasinjarsa, amma har yanzu tsarin lokutan daren 26 ga Fabrairun 2022, daren da ta ɓata, bai kwanta mini a rai ba. Budurwar, mai shekara 22 kuma mai sana'ar ɗinki, ta hau motar ne da daddare a tashar Chevron ta yankin Lekki da nufin zuwa Oshodi, kuma ta aika wa ƙawarta saƙonnin murya cewa hankalinta bai kwanta ba domin direban ya ƙi ɗaukar sauran fasinjoji.

A nawa hasashen, duk abin da ya faru ya faru ne tsakanin saƙonta na ƙarshe da isar motar Gadar Carter, inda aka tsinci gawarta. Mai zuwa Oshodi daga Lekki yakan bi gadar Third Mainland ne, saboda haka karkatar motar zuwa Carter alama ce cewa an riga an sauya niyya tun kafin a shiga tsibirin Legas. Wannan ne ya sa ban gamsu da iƙirarin direban na cewa 'yan bindiga ne suka tilasta masa ya karkatar da motar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tana hanya ta aika lambar motar, amma sai a ranar 7 ga Maris 'yan sanda suka sanar da gano gawar. Ina roƙonku ku binciko ranar da aka kai gawar ɗakin ajiye gawarwaki, ku kwatanta ta da ranar da danginta suka fara kai ƙara.