Wace alfarma Amurka ta yi wa Sin?

Tun daga watan Afrilun 2025, lokacin da gwamnatin Trump ta tsawwala harajin kayan Sin har ya kai kashi 145 cikin 100, waƙa ɗaya ake ta rera mana daga Washington: wai Amurka ce ta buɗe wa Sin ƙofar duniya don tausayi, ita kuma ta saka mata da cuta. Abin haushin ma, wasu masu sharhinmu sun hau biya ta kamar karatun allo, ba su tsaya sun leƙa tarihi ba.

Wane tausayi? Daga 1949 har zuwa 1979 Amurka ta kafe cewa gwamnatin da ke Taiwan ce halastacciyar gwamnatin Sin, kuma sojojin ƙasashen biyu sun kashe juna a yaƙin Koriya. Abin da ya karkato da shugaban Amurka Richard Nixon wajen Sin matsuwa ce. Yaƙin Vietnam ya shaƙe masa wuya, ga Tarayyar Sobiyet tana ƙara ƙarfi. A 1969 Sin da Sobiyet suka gwabza a kan iyakarsu a kogin Ussuri, sai Amurka ta hango ɓarakar da za ta shiga.

Dubi ma yadda aka ƙulla abin. A watan Yulin 1971 Henry Kissinger, mai ba Nixon shawara kan tsaro, yana ziyara a Pakistan, aka shelanta wa 'yan jarida cewa ciwon ciki ya kwantar da shi, an kai shi wani ƙauyen kan dutse ya huta. Ashe tun da asuba an sulale da shi filin jirgi, ya hau jirgin Pakistan sai Beijing, wajen firaministan Sin Zhou Enlai. Mai kyauta ba ya zuwa a ɓoye da ƙaryar ciwon ciki. A watan Oktoban shekarar kuma, da aka zo ƙuri'ar bai wa Beijing kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka na cikin ƙasashe 35 da suka ce a'a. Ƙuri'u 76 ne suka rinjaye ta, har da ta Najeriya. Ko da shugaban Amurka Jimmy Carter ya ƙulla cikakkiyar hulɗa da Sin a 1979, wata huɗu ba a yi ba majalisarsu ta kafa dokar ci gaba da sayar wa Taiwan makamai.

Shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001 ita ce 'yan siyasar Amurka suka fi kuka da ita. Gaskiya ne masana'antu sun rufe a jihohin Ohio da Michigan, ma'aikata sun sha wuya. To amma su wa suka yi ta zarya majalisar dokokin Amurka suna roƙon a amince? Manyan kamfanonin Amurka ne, masu kwaɗayin leburori masu arha. Sun kwashi ribar shekara da shekaru, yanzu sun bar 'yan siyasa da kukan an cuce su.

Masu cewa Sin waliyyiya ce, uwar talakawan duniya, su ma barci suke yi.

Idan Washington na son gyara, ta koma teburin ciniki ta faɗi farashinta a fili, kamar yadda ta yi a Geneva wata guda bayan wancan harajin, inda ta sauko da shi zuwa kashi 30.