Jini ba ya kara, amma wa ya tambayi dalili?

Shekara uku ke nan ina yin tafinta a wani asibiti a ɓangaren Agege, ranar da masu ɗauke da HIV ke zuwa karɓar magani. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tambayar da ake yi wa kowa: "Kana shan maganinka kullum?" Wane Bahaushe ne zai dubi idon nas ya ce a'a? "Alhamdulillahi, ina sha." A rubuta a kati, a kira na gaba.

Sai ƙirgar ƙwayoyi. Da idona na ga wani bawan Allah mai sayar da tumatir a Mile 12 ya raɓe bayan katanga, ya juye rabin robar maganinsa a kwata kafin ya shigo, don kada a yi masa faɗa. Lissafi ya fita daidai, har aka yaba masa.

Gwajin yawan ƙwayar cutar a jini ne kaɗai ba ya kara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi shi bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, sannan duk shekara. In ya haura 1,000 a kowace mililita, akwai matsala. In ya sauka ƙasa da 200, mutum ba ya shafa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Wallahi da yawa cikin mutanenmu ba a taɓa gaya musu wannan da Hausa ba, alhali shi ne zancen da ya fi sa magidanci ya riƙe magani hannu bibbiyu.

To amma jini yana faɗin cewa an yi fashin shan magani ne, ba ya faɗin dalili. Dalilin kuwa a bakin mai shi yake, kuma ba zai fito da Yarabanci ko Turancin buroka ba.

Ɗan ci-rani da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas a Idi-Araba ko Alaba Rago, ƙarar ƙwaya a cikin roba kaɗai ta isa ta tona masa asiri. Wani yana tsallake asibitin unguwarsu ya hau motar haya biyu, don kada ya haɗu da ɗan garinsu a layi. Azumi ya zo, wani ya ajiye maganin wata guda cur, ba wanda ya ce masa ƙwayar maganin HIV ɗin nan da ake kira TLD guda ce a rana, ana iya shawara da likita a mayar da ita sahur ko buɗa-baki.

Babbar ita ce damina. Ruwa na sauka a Arewa, rabin masu katinmu sun tafi gida noma. A rajista sai a rubuta "ya ɓace". Bai ɓace ba, yana gonarsa a Katsina ko Jigawa, maganin wata ɗaya ya ƙare tun kafin noman farko. Haka aka yi a 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, mutane suka watse.

Binciken ƙasa na 2018 ya ce kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kuma burin 95-95-95 da ake ta ambato a taro (wato kashi 95 cikin ɗari na masu cutar su san suna da ita, kashi 95 na waɗanda suka sani su hau magani, kashi 95 na masu shan magani kuma ƙwayar cutar ta sauka a jininsu) yana tsayawa ne kan irin waɗannan da ba a tambayarsu komai. Tsarin ba da maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci guda yana nan. Takardar sauya asibiti tana nan. Magani kyauta ne. Abin da ya rage shi ne a watan Afrilu wani mai jin Hausa ya zauna da mutum ya ce, "Malam, bana za ka je gida noma?"

Na gwada wa mai tumatir ɗin nan. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, bayan sati biyu zan tafi."